Ƙulafucin uwa: kukan yaro a lokacin rabuwa da yadda iyaye ma'aikata a Tamale za su sassauta shi

Da misalin ƙarfe bakwai na safe, titunan Tamale, babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Ghana, sukan cika da babura, da yawansu mata ne ke tuƙawa, wata da goyo a baya, wata da yaro a gaba. Malamar makaranta, ma'aikaciyar jinya a Asibitin Koyarwa na Tamale, mai rumfa a kasuwar Aboabo, kowacce sai ta ajiye ɗanta a wani wuri kafin ta wuce. A ƙofar gidan raino ko a tsakar gidan kaka ake yin ta: yaro ya ƙanƙame zanen uwa, ya tsala kuka kamar an yanka shi. Hausawan zango suna kiran wannan ƙulafuci, idan kuma yaro ya ƙi yarda da baƙo sai su ce yana da ƙiwa. Likitocin yara suna kiransa fargabar rabuwa.

Yaushe yake farawa?

Ƙulafuci mataki ne na girma da kusan kowane yaro mai lafiya ke bi ta cikinsa. Yakan fara tsakanin wata 6 zuwa 8, ya yi tsanani tsakanin wata 10 zuwa 18, sannan ya lafa a hankali wajen shekara 2 zuwa 3. Dalilinsa yana cikin ƙwaƙwalwa. Jariri ɗan wata uku, abin da ya ɓace masa daga gani ya ɓace ke nan. Daga baya yakan gane cewa uwarsa tana nan ko da ba ya ganinta, abin da masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya yi bayani a kansa. Sai dai har yanzu yaron bai san lokaci ba. Ya san ta tafi, bai san za ta dawo ba, balle yaushe.

Wani muhimmin ɓangare na ilimin da ake da shi a kan wannan batu a Afirka aka samo shi. A shekarun 1954 da 1955, Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki da likitan nan na Ingila John Bowlby, ta riƙa ziyartar iyalai 26 a ƙauyukan kusa da Kampala a Uganda. Ta lura cewa yaro yana ɗaukar uwarsa a matsayin mafaka: in tana kusa sai ya saki jiki ya rarrafa ya yi wasa, in ta fita sai ya nemi bin ta. Ta wallafa sakamakon a littafinta na 1967. Saboda haka kukan rabuwa ba shaida ba ce ta cewa an sangarta yaro, ko cewa uwa ta yi laifi da ta fita neman na kai. Alama ce ta shaƙuwa.

Hutun haihuwa na ƙarewa tun kafin a kai nan

Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ba mace hutun haihuwa na aƙalla mako 12 da cikakken albashi, da kuma awa ɗaya a lokacin aiki don shayarwa. A Nijar mako 14 ne, daidai da mafi ƙarancin abin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar a shekarar 2000. Wato ma'aikaciya a Tamale tana komawa aiki ɗanta na wata uku ko ƙasa da haka, lokacin da yakan yarda da hannun kowa. Shi ya sa iyaye da yawa suke rikicewa idan ya kai wata takwas ko tara ya fara ƙin mai rainon da ya saba da ita. Wasu har sukan zargi mai rainon, alhali sau da yawa yaron ne ya yi wayo.

'Yan kasuwa da masu sarrafa man kaɗe kuwa, dokar ba ta kai gare su. Su goyo ne mafitarsu, har sai yaro ya fara tafiya, rumfa ko gefen murhu ya zama haɗari gare shi. Nan ne ake neman inda za a bar shi, kuma daidai lokacin ne ƙulafuci ya fi ƙarfi. Karatun gwamnati na kyauta yana farawa ne daga ajin share fage na shekara biyu, na yara 'yan shekara 4 da 5, wanda dokar ilimi ta 2008 ta sanya cikin ilimin tushe. Ƙasa da haka sai dangi, ko 'yar raino, ko gidan raino na kuɗi. Dokar yara ta 1998 ta wajabta wa irin waɗannan gidaje samun izini daga Sashen Jin Daɗin Jama'a, kuma iyaye na da damar neman a nuna musu takardar.

Sulalewa ce babban kuskure

Dabarar da aka fi sani a gidajenmu na Afirka ta Yamma ita ce a ɗauke hankalin yaro, uwa ta sulale. Ranar farko abin yakan yi kamar ya yi aiki, tunda ba ta ji kukan ba. Amma abin da yaron ya koya shi ne uwa na iya ɓacewa a kowane lokaci ba sallama, don haka gobe ko bayi za ta shiga sai ya bi ta. Haka ƙaryar "bari in sayo maka alewa in dawo yanzu", da tsoratarwa da dodo ko allura: sukan sa shi shiru na minti ɗaya, su ci amanar da ake son ginawa.

Abin da ya fi shi ne sallama gajera, iri ɗaya kullum. A rungume shi, a yi masa addu'ar da aka saba, a miƙa shi hannun mai raino, a faɗa masa lokacin dawowa da ma'aunin da ya sani: bayan ya tashi barcin rana, ko idan an kira la'asar. A garin da ake jin kiran salla a kusan kowace unguwa, wannan agogo ne da ɗan shekara biyu zai iya riƙewa. Sannan a tafi, kada a yi ta komowa ana leƙe, domin kowace komowa sabuwar rabuwa ce. A kuma cika alkawari. Yawancin yara sukan yi shiru cikin 'yan mintoci bayan uwa ta wuce, ana iya bugo waya a tabbatar.

Kafin ranar fara aiki, yana da kyau a yi gwaji na kwanaki: uwa ta zauna tare da shi a wurin rainon, washegari ta fita na rabin awa, a riƙa ƙarawa. A bar masa wani abu mai ƙamshin gida, kamar majanyi ko ɗankwalinta. Yunwa da barci na ƙara rigima, don haka a kai shi a ƙoshe. Uba ma na iya zama mai kaiwa, wasu yaran sun fi sauƙin rabuwa da shi.

A nan tsarin zaman gida na arewacin Ghana gata ne. Yaron da ya tashi a babban gida, ko wanda uwarsa ta yi zaman jego a gidan iyayenta kamar yadda Dagomba da Hausawa suke yi, ya riga ya shaƙu da kaka da gwaggo da yayye. Abin da ke wahalar da yaro shi ne yawan sauya hannu, yau wannan maƙwabciya, gobe waccan. Mai raino ɗaya tabbatacciya ta fi uku masu zuwa da tafiya. Haka nan bai kamata a haɗa masa yaye da fara zuwa gidan raino a mako ɗaya ba, musamman irin yayen da ake kai yaro wani gida dare ɗaya. A ba da tazarar makonni.

Rabuwa mai tsawo daban take. Matan arewa da ke tafiya dako a kasuwannin Akara da Kumasi, waɗanda ake kira kayayei, sukan bar yara wurin kakanni na watanni. A irin wannan hali, kakar ce ta zama mafakar yaron, kuma in ya ƙi uwar a ranar da ta dawo, ba mantuwa ba ce kawai, yana buƙatar kwanaki kafin ya sake sakin jiki da ita.

Lokacin da ya kamata a nemi likita

Idan yaro ya wuce shekara uku abin na ƙaruwa maimakon raguwa, ko ya shafe mako huɗu yana kuka yini guda, yana ƙin abinci, yana firgita cikin barci, ko yana yawan ciwon ciki da amai a lokacin tafiya kawai, a faɗa wa ma'aikatan lafiya a wurin awon yara ko a asibiti. Idan kuma tsoron na mutum ɗaya ne tak, ko an ga tabo a jikinsa da ba a san asalinsa ba, wannan ba ƙulafuci ba ne. A janye shi daga wurin, a binciki abin da ke faruwa.