Saminu Makabi, Sarkin Yaƙin da Ya Zama Uban Al'umma

 Idan muka rufe littafin Malakai muka buɗe Matiyu, takarda ɗaya muka juya, amma shekaru wajen 400 muka tsallake. A kwanakin Malakai, Farisa ce take mulki. Da muka shiga Matiyu sai ga Romawa, ga Hirudus, ga Farisiyawa da Sadukiyawa. Har da wani idi da Musa bai umarta ba, wato Idin Tsarkakewa, wanda Yohanna 10:22 ya ambata. Daga ina waɗannan duka suka fito? Yau za mu ɗauki mutum ɗaya daga cikin wannan tsakani, Saminu ɗan Mattatiya. Labarinsa yana cikin littafin Makabiyawa na Fari, da kuma rubuce-rubucen Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa. 'Yan'uwanmu Katolika suna da Makabiyawa cikin Littafi Mai Tsarkinsu. Ikkilisiyoyin Furotesta ba su lissafta shi cikin Nassi ba, amma suna karanta shi domin tarihi. Shekarun wannan labari kafin haihuwar Almasihu ne, saboda haka za ku ji lissafin yana raguwa.

A shekara ta 332 Iskandari Mai Girma ya ci ƙasar Yahudiya. Da ya mutu a 323, sarakunan yaƙinsa suka raba mulkin. Yahudiya ta zauna ƙarƙashin Masar har wajen 200, sa'an nan ta koma hannun sarakunan Suriya, masu fada a Antakiya. Dukansu Helenawa ne, harshensu da allolinsu da wasanninsu. A 175 Antiyokus na Huɗu ya hau gadon sarauta. Sai mu lura, ɓarnar daga cikin gida ta fara. Wani firist da iyayensa suka raɗa wa suna Yeshuwa ya sāke sunansa zuwa Yason, ya sayi matsayin babban firist da kuɗi, ya gina filin wasannin Helenawa a Urushalima, har firistoci suka riƙa barin bagade suna gudu zuwa kallo. Duk iyayen da suka taɓa ganin ɗansu yana jin kunyar sunan da kakansa ya ba shi, sun san irin wannan ciwo.

A 167 sarki ya kafa doka. Ya hana kaciya, ya hana kiyaye Asabar, aka ƙone littattafan Shari'a, aka kafa bagaden gumaka a kan bagaden Ubangiji. Aka kuma gina wata kagara cikin Urushalima, ana ce da ita Akra, aka zuba sojoji su tsare Haikali. A ƙauyen Modin wani tsohon firist, Mattatiya, ya ƙi miƙa hadayar sarki. Ya kashe Bayahuden da ya fito zai miƙa, ya kashe jakadan sarki, ya gudu kan duwatsu da 'ya'yansa biyar: Yohanna, Saminu, Yahuza, Ele'azara da Yonatan. Kafin ya mutu a 166 ya raba musu aiki. Yahuza, wanda ake yi wa laƙabi da Makabi, shi ne zai ja yaƙi. Saminu kuwa, tsohon ya shaide shi mutum ne mai shawara, ya umarci sauran su riƙa jin maganarsa kamar ta uba.

Yahuza ne duniya ta fi sani. Shi ne ya ƙwato Haikali, aka tsarkake shi a watan Kisle na 164, aka yi idi kwana 8, idin da Yahudawa suke kira Hanuka har yau. Saminu ya yi shekara fiye da 20 yana bayan ƙannensa, ba mu kuwa karanta inda ya yi musu kishi ba. Da Yahudawan Galili suka aiko da kuka cewa maƙwabta za su hallaka su, shi aka aika da mutum 3,000. Ya kori abokan gāba har ƙofar Talamayas, ya kwaso Yahudawan da matansu da 'ya'yansu da kayansu, ya kawo su Yahudiya lafiya. Daga baya ya ci kagarar Bet-zur, aka kuma naɗa shi mai mulkin bakin teku tun daga wajen Taya har iyakar Masar.

Ɗaya bayan ɗaya 'yan'uwansa suka ƙare. Giwar yaƙi ta faɗa wa Ele'azara bayan ya soke ta daga ƙarƙashi. Yahuza ya fāɗi a bakin dāga a 160. Aka kama Yohanna a hayin Urdun aka kashe shi. Yonatan ya riƙe jama'a, ya zama babban firist a 152. A 143 wani sarkin yaƙin Suriya mai suna Tarifon, wanda yake neman sarauta wa kansa, ya yaudari Yonatan da maganar abuta, ya kai shi Talamayas, aka rufe ƙofa, aka karkashe mutanensa 1,000, aka tsare shi.

A nan ne muke so mu ɗan tsaya, gama a nan halin Saminu ya bayyana. Tsoro ya kama Urushalima. Saminu ya tara jama'a, ya tuna musu da yadda 'yan'uwansa suka ba da ransu saboda Shari'a da Haikali, ya kuma shaida musu shi ma ba zai ɓoye nasa ran ba. Suka zaɓe shi shugaba. Sai Tarifon ya aiko da saƙo cewa bashi ne kawai ya sa ya riƙe Yonatan. A kawo talanti 100 na azurfa, da 'ya'yan Yonatan maza biyu a matsayin jingina, zai sake shi. Saminu ya san ƙarya ce. Amma ya san kuma idan ya ƙi, gobe mutane za su ce ya bar ƙanensa ya mutu don ya gāji kujerarsa. Ya aika da kuɗin da yaran. Tarifon ya karɓa, bai saki kowa ba. Ya yi niyyar kai wa sojojin Akra abinci, dusar ƙanƙara mai yawa ta sauko da dare ta tare mahayansa, ya juya, ya kashe Yonatan a hanya. Muna iya cewa Saminu ya sayi amincewar jama'a da yara biyu marasa laifi, wannan kuwa tsada ce mai nauyi. Ya kwaso ƙasusuwan Yonatan ya binne a Modin, ya gina dala 7 a kan kabarin, domin mahaifinsa, da mahaifiyarsa, da 'yan'uwansa huɗu. Ta bakwai ta kansa ce.

Abin da takobin Yahuza bai kawo ba, Saminu ya samo shi da wasiƙa. Ya ga sarakunan Suriya suna cin junansu, sai ya aika wa Dimitiriyas na Biyu, abokin gāban Tarifon, da kambin zinariya da reshen dabino. Dimitiriyas yana bukatar aboki, ya yafe wa Yahudiya haraji a 142. Tun kwanakin da Babila ta rushe Urushalima, sai yanzu ne Yahudawa suka daina biyan baƙon sarki. Mutane suka fara rubuta takardun ciniki da shekarar Saminu. Ya ci Gezer, mutanen garin suka hau garu suna roƙon jinƙai, bai kashe su ba, amma ya fitar da su daga gidajensu ya zaunar da masu kiyaye Shari'a. Haka kuma aka yi a Yafa, wadda ta zama tashar jiragen ruwan Yahudiya. Sojojin Akra kuwa yunwa ce ta fitar da su. A 141 jama'a suka shiga kagarar da rassan dabino da garayu da waƙoƙi. Ku riƙe wannan reshen dabino a zuciya, za ku sāke ganinsa a hannun taro a Yohanna sura 12. A shekara ta 2015 ta zamaninmu, masu tonon tarihi a Urushalima suka sanar sun sami garu da hasumiya, da kawunan kibau na tagulla da duwatsun majajjawa na dalma, a kudu da filin Haikali, suna kuma ganin ragowar Akra ke nan.

A 140 babban taron firistoci da dattawa da jama'a ya zauna. Suka tabbatar da Saminu a kan matsayi uku: babban firist, sarkin yaƙi, da shugaban al'umma. Shi kaɗai zai sa shunayya da maɗaurin zinariya, ba mai kiran taro sai da izininsa. Aka zana wannan a allunan tagulla aka kafa a Haikali. Amma suka sa sharaɗi ɗaya, wato wannan shiri zai tsaya har ran da amintaccen annabi zai bayyana. Sun san abin da suka yi ba shi cikin Shari'a. Saminu Balawe ne, ba daga zuriyar Dawuda ba, ba kuma daga gidan da ya saba riƙe babban firist ba. Shi ma bai taɓa kiran kansa sarki ba. Marubucin Makabiyawa ya kwatanta kwanakinsa da irin kalmomin da Mika 4:4 ya yi amfani da su: manoma suna noma ba fargaba, tsofaffi suna hira a dandali, kowa a inuwar inabinsa da ɓaurensa. Ya aika wa Roma da babbar garkuwar zinariya don a sabunta alkawarin abuta. A lokacin dabara ce mai kyau, gama Roma tana nesa, Suriya tana bakin ƙofa.

Sabon sarkin Suriya, Antiyokus na Bakwai, ya aiko a mayar masa da Yafa da Gezer da Akra, ko a biya talanti 1,000. Saminu ya amsa cewa gādon kakanninsu ne suka karɓo, ya yi tayin talanti 100 saboda Yafa da Gezer. Aka aiko da runduna. Saminu ya tsufa, ya tura 'ya'yansa Yahuza da Yohanna, suka ci nasara.

Wanda Suriya ta kasa kashewa, surukinsa ne ya kashe shi. Talomi, mijin 'yarsa, mai mulkin kwarin Yariko, yana kwaɗayin ƙasar. A watan Shebat, wajen farkon 134, Saminu yana rangadi da 'ya'yansa Mattatiya da Yahuza, Talomi ya yi musu biki a wata ƙaramar kagara mai suna Dok. Da suka sha suka bugu, mutanen da ya ɓoye suka fito suka kashe su. Babban firist mai shawara, ruwan inabi ya rufe masa ido a teburin ɗan gida. Yohanna yana Gezer, wani ya riga makasan isa wurinsa, ya tsira.

Wannan Yohanna, da ake kira Hirkanus, ya yi mulki shekara 30. Ya rushe haikalin Samariyawa a Dutsen Gerizim, dutsen da matar nan ta bakin rijiya ta nuna wa Yesu a Yohanna sura 4. Ya ci Idumiya, ya tilasta wa mutanenta kaciya. Jikan mutumin da ya tashi saboda an hana shi addininsa da ƙarfi, shi ne ya ɗora wa waɗansu addini da ƙarfi. 'Ya'yansa suka ɗauki sunan sarki wanda Saminu ya bari. Ɗayansu, Iskandari Yannayus, ya gicciye Yahudawa 800 da suka tayar masa. A cikin wannan rikici ne Farisiyawa da Sadukiyawa suka yi ƙarfi, suka ja dāga. Daga baya 'yan'uwa biyu na gidan suka yi faɗa a kan kujera, kowa ya kai ƙara wurin Romawa. A 63 Fomfe ya ci Urushalima, ya shiga har Wuri Mafi Tsarki. Daga cikin Idumiyawan nan da aka yi wa kaciyar dole ne gidan Hirudus ya fito. Hirudus ya auri Mariyamne, 'yar zuriyar Saminu, ya sa aka nutsar da ƙanenta a ruwa a Yariko, daga baya ya kashe ta ita ma.

Gidan ya ƙare, amma sunayen suka zauna a bakin iyaye. Masu binciken da suka ƙidaya sunayen Yahudawan ƙasar na wancan zamani, a takardu da akwatunan ƙasusuwan matattu, sun tarar Saminu ne ya fi yawa cikin sunayen maza. Ku duba cikin almajirai sha biyu: Saminu biyu, Yahuza biyu, Yohanna ɗaya, da Matiyu, wanda sunansa gajeren Mattatiya ne. Akwai Saminu ɗan'uwan Yesu, da Saminu kuturu, da Saminu Bakurane wanda ya ɗauki gicciye. A Ayyukan Manzanni sura 10 kuma, Saminu Bitrus yana sauke a gidan Saminu majemi a bakin teku a Yafa, garin da Saminu Makabi ya fitar da al'ummai daga cikinsa. A kan soron gidan ne ya ga wahayi, manzannin Karniliyas, jarumin sojan Roma, suna tsaye a bakin ƙofa suna tambayarsa.