Sinadarin da Ya Buɗe wa Allurar Ido Hanya

A shekarar 1884 wani matashin likita a birnin Biyana, Karl Koller, ya nuna cewa ɗigon ruwan koken yana kashe zafi a ido. Shekarar ba ta ƙare ba sai da Hermann Knapp ya tura maganin ta allura zuwa bayan ƙwayar ido a New York. Dafin koken ya sa likitoci suka ja da baya, har aka samu prokain a 1905, sannan Walter Atkinson ya farfaɗo da wannan allura a 1936.

Sai dai akwai cikas. Bayan ido cike yake da kitse da tantani, kuma wani abu mai yauƙi ne ke riƙe da su. Maganin kashe zafi yakan taru wuri guda, ya yi jinkirin isa ga jijiyoyi. A wancan zamani kuwa yanka mai faɗi ake yi kafin a ciro yanar ido, motsi kaɗan na iya jawo asarar gani.

Mafita ta ɓullo daga inda ba a zata ba. A 1928 Francisco Duran-Reynals, mutumin Sifaniya da ke bincike a Cibiyar Rockefeller, ya lura cewa ruwan da aka tatso daga marainan dabbobi yana sa ƙwayar cuta ta bazu da sauri a cikin fata. A 1934 Karl Meyer da John Palmer suka ware abin nan mai yauƙi daga idon saniya, wanda ake kira asid ɗin hayaluronik. Zuwa 1940 Ernst Chain, wanda duniya ta fi sani da aikin fenisilin, shi da Edward Duthie sun tabbatar a Oxford cewa abin da Duran-Reynals ya gani enzayim ne mai narkar da wannan yauƙi na ɗan lokaci. Shi ne hayaluronides. Atkinson ɗin nan dai shi ya gauraya shi da allurar ido, ya buga sakamakon a 1949.

Daga nan ya zama ruwan dare. Salon allura ya yi ta sauyawa: a 1986 Davis da Mandel suka koma zuba magani a gefen ido don kauce wa jijiyar gani, a 1992 Julian Stevens ya yaɗa amfani da bututu marar tsini. Duk waɗannan sun dogara ga bazuwar magani, saboda haka enzayim ɗin bai bar sirinji ba.

Ba a san darajarsa sosai ba sai da ya yi wuya. Wajen 2001 kamfanin Wyeth ya daina yin Wydase, samfurin enzayim ɗin da kusan shi kaɗai ne a kasuwar Amurka. A lokutan ƙarancin, asibitoci da dama sun ba da rahoton ƙaruwar masu ganin abu biyu-biyu bayan tiyata. Bayanin da aka fi karɓa shi ne maganin da bai bazu ba yana taruwa a tsokar da ke juya ido ya lahanta ta. A 2004 hukumar FDA ta amince da Vitrase, na marainan tumaki, da Amphadase na shanu, a 2005 kuma Hylenex da aka haɗa a ɗakin gwaji.

Abin mamaki, hujjar ba ta kai ƙarfin al'adar ba. Nazarin Cochrane na 2018 ya tattara gwaje-gwaje 7 kan mutum 500, ya kasa tabbatar da cewa sinadarin yana rage zafin aiki. Har yau ba a daidaita kan adadin da ya dace ba, kuma jefi-jefi yakan haddasa kumburin borin jini.

A ƙasashe masu na'urar farfasa yana, ɗigon magani ya maye gurbin allura a yawancin ayyuka. A asibitocin ido na Kano da Kaduna, inda yanar ido takan nuna sosai kafin majiyyaci ya zo kuma da hannu ake cire mafi yawanta, allura ce har yanzu ke ɗauke da aikin.