Kwana, Mararraba da Shataletale a Hanyar Kano zuwa Kazaure da Babura

Kwana ko mararraba, a bakin direbobi da matafiya, ita ce wurin da ƙaramar hanya ta rabu da babban titi ta nufi wani gari. Shataletale kuwa da'ira ce da ake ginawa a mahaɗar hanyoyi domin motoci su kewaya ta, kowace ta fita ta inda ta nufa. A ƙasar Hausa galibin waɗannan wurare suna da sunaye sanannu, waɗanda ba hukuma ce ta raɗa su ba, jama'a ce, bisa ga garin da hanyar ta dosa ko ƙauyen da ke kusa, har sunan ya zauna daram ba tare da an rubuta shi a allo ba.

Asalin al'amarin ya girmi mota da nisa. Tun zamanin da fatake ke ratsa ƙasar nan da jakuna, Buzaye kuma suna gangarowa daga Azbin da ayarin raƙuma ɗauke da gishiri da kanwa, su bi ta Damagaram da Daura su nufi Kano, madugu ba ya auna tafiyarsa sai da zango, wato inda akwai rijiya da inuwa da amincin sarkin da ke riƙe da wurin. Ƙasar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa sarautarta bayan jihadi, ɗansa Dambo kuma ya zaunar da gadonta a garin Kazaure, tana kwance ne a tsakanin Kano da Daura da Katsina, saboda haka duk mai neman Kano daga arewa da wuya ya kauce wa duwatsunta. Wannan matsayi shi ne ya jawo mata fitina da Kano a zamanin Sarki Ibrahim Dabo, shi ne kuma, bayan da ƙura ta lafa, ya zame mata arziki.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso birnin a 1911, sai alƙiblar fatauci ta juya kudu, gyaɗa ta zama abin da kowa ke nema ya kai bakin dogo. En'e-En'e suka shiga share hanyoyi, da yawansu na rani ne kawai, domin da zarar damina ta kankama sai rafi ya yanke su. Kuma ba sabon layi aka ja musu ba, tsohon sawun jaki aka faɗaɗa. Daga nan ne hanyar Kano zuwa Daura, wadda ta ratsa Dambatta da Kazaure ta ƙare a Kongolam a bakin iyakar Nijar, ta samo siffarta, har daga bisani gwamnatin tarayya ta sanya ta cikin babbar hanya mai lamba A2, wadda ta taso tun daga kudancin ƙasar ta biyo ta Abuja da Kaduna da Zariya.

Mai fita daga Kano a yau yana rabuwa da hanyar Katsina ne a wajen Dawanau, inda babbar kasuwar hatsi take, ya miƙa arewa. Kafin ya kai Dambatta zai tarar da Kwanar Dumawa, inda hanyar Babura ta ɓalle ta hannun dama, ta bi ta Kunya da Kanya Babba ta shiga Babura, sa'an nan ta wuce Babban Mutum a jihar Katsina, ta fuskanci Magarya ta Nijar. Mutumin Roni ko Gwiwa kuwa sai ya kai Kazaure kana ya karkata yamma. Wanda ya tsaya a irin wannan wuri da hantsi zai ga yadda kwana ke zama gari a hankali: mai shayi ya kafa teburinsa a gindin darbejiya, 'yan acaɓa sun jera babura suna duban kowace motar da ta rage gudu, mai faci ya jingina tsohuwar taya a bakin kwalta domin ta zama alamarsa, yara mata da farantin dafaffiyar gyaɗa suna rugawa taga kafin fasinja ya sauke ƙafa. Ɗan kamasho yana kiran sunan gari yana cewa saura mutum ɗaya, alhali kuwa kujeru uku ne babu kowa. Bayan 'yan shekaru sai a ga an kewaye masallaci, an buɗe gidan mai, wani ya sayi fili ya yi gini. Zangon da ne ya dawo, illa dai injin ya maye gurbin raƙumi.

Haka abin yake a sauran hanyoyin arewa. Kwanar Ɗangora da Kwanar Gafan, mai kasuwar tumatir, suna kan hanyar Zariya. Kwanar Huguma nan ne mai zuwa Dutse ke barin titin Maiduguri, wadda kuma darajarta ta ƙaru bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama hedikwata. Mararrabar Jos kuwa, tsakanin Kaduna da Zariya, ta shahara da manyan motocin da ke kwana a gefenta. Abin lura a nan, kuma abin da mutanen Kazaure da Babura suka sani sarai, shi ne cewa hanyoyinsu duka Kano suka fuskanta ba Dutse ba, domin an shimfiɗa su ne tun kafin a raba Jigawa da Kano.

Shataletale Turawa ne suka zo da shi cikin birane, kuma da fari ta hagu ake kewaya shi, har zuwa ran 2 ga Afrilu, 1972, sa'ad da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama domin ta dace da maƙwabtanta irin su Nijar, kowane direba ya sake koyon shiga da'irar da ya saba. Da motoci suka yawaita a Kano fiye da abin da da'ira za ta iya ɗauka, sai aka shiga zamanin gadar sama da ta ƙasa: ta Ƙofar Nasarawa a mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, ta Dangi da ta Hotoro a mulkin Abdullahi Umar Ganduje, ta Hotoron kuwa aka buɗe ta a 2023 da sunan Muhammadu Buhari. A nan hukuma ce ta raɗa suna da kanta, ko da yake mai Adaidaita Sahu har yanzu Hotoro yake kira.

A ɓangaren Kazaure ayyuka biyu ne ke tafe da sauyi. Na farko mayar da titin Kano zuwa Kongolam tagwaye, mai tsawon kimanin kilomita 130, wanda kamfanin BUA ya ɗauka a madadin harajinsa. Na biyu layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai kuma bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Tagwayen hanya tana zuwa da shinge a tsakiya, mota ba ta juyawa sai inda injiniya ya bar mata ƙofa, don haka wasu kwanonin za su gusa daga inda suke, masu shayi da 'yan acaɓa kuma su kwashi kayansu su bi su.