Da Wace Tiya Ake Auna Sabon Abu?

A kasuwar Dakoro babu mai sayen hatsi don kyan buhu. Sai an zuba a tiya an gani. Fasahar zamani ma tana bukatar tiyarta, kuma tarihin salula a Nijar ya nuna irin wadda ta dace.

Salula ta shigo ƙasar a 2001 ta hannun kamfanin Celtel, wanda ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Kafin zuwanta, ɗan kasuwar Dakoro da ke son sanin farashin gero a Maraɗi, sai dai ya hau mota ya bi doguwar hanya, ko ya jira bakin matafiya. Da wayar ta bazu a kasuwanni, kira ɗaya ya wadatar. Amma yunwar 2005, wadda ta sa ƙungiyar likitoci ta MSF buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa a Dakoro, ta tuna wa jama'a cewa jin farashi bai cika rumbu.

A wannan zamani ne Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki daga Amurka, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006. Hanyarta ita ce abin koyi: ta kwatanta kasuwannin da salula ta isa da waɗanda ba ta isa ba tukuna, kafin zuwanta da bayansa. Ta tarar tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Daga baya, tare da Marcel Fafchamps, ta duba ɓangaren manoma, sai ya bayyana cewa kuɗin da ake biyan manomi bai ƙaru ba. Tazarar farashin wake ta ɗan ragu, ta gero da dawa kuwa tana nan yadda take. Ashe tambayar wanda ya ci riba tana da nauyi kamar tambayar ko akwai ribar.

Bayan farin 2009, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi a ƙauyukan jihar Tawa cikin 2010. Wasu sun karɓa hannu da hannu, wasu ta tsarin Zap na salula. Akwai kuma kashi na uku da aka ba waya, amma aka biya su hannu da hannu, don a bambanta amfanin wayar da amfanin hanyar biya. Gidajen da suka karɓa ta Zap sun fi cin abinci iri-iri, domin matan sun huta da doguwar tafiya da jiran layi, sun kuma ƙara samun ta cewa kan yadda za a kashe kuɗin.

Wannan tarihi ya shafi malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu kai tsaye, domin su ake kawo wa kwamfuta da intanet da alkawura masu daɗi. Kafin a yi guɗa, ya kamata a san halin da ake ciki kafin zuwan abin, a kwatanta da makarantar da ba ta samu ba, a bincika ko ya kai ga ɗiyar makiyayi a rugga kamar yadda ya kai ga ɗan ma'aikaci a gari. A kuma koma bayan mai kyautar ya tafi, a duba ko akwai wuta da mai gyara.