Itatuwan Tsakar Gida a Ƙasar Wurno

A ƙauyukan kwarin Rima irin su Lahodu, daga Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, har zuwa Goronyo, inuwa da abinci da magani su ne dalilan da magabata suka bi wajen zaɓen itacen gida, ba kyan fure kaɗai ba. Mata sun riƙe lalle da zogale a bayan ɗaki, aka bar ɗorawa da gawo a gona. Dogon yaro, wanda asalinsa Indiya ne, ya shigo zamanin Turawan mulkin mallaka, ya kuma mamaye gidaje domin yana jure fari, yana fitar da farin fure mai ƙamshi da bazara, wato lokacin zafin da ke gabatar damina.