Tafiyar 'Yan Ƙwallon Nijeriya Zuwa Ingila a 1949, da Asalin Al'adar a Wasan Zari-ruga

A ƙasar Ruma da ƙasar Yarima, watau Batsari da Safana a yammacin Katsina, akwai tsohuwar al'ada wadda kowa ya sani. In kaka ta yi, aka kai dammuna rumbu, sai samari masu ji da ƙarfi su ɗauki layunsu da makaɗinsu su nufi wani gari domin kokawa ko dambe. Wanda ya yi kaye a baƙon fage, ba a ambaton sunansa shi kaɗai, sai an haɗa da na garinsu. In kuwa shi aka kayar, har 'yan matan garin sai sun sha gori ran kasuwa. Ashe ke nan tura 'yan wasa wani wuri su ɗauko suna ko su jawo kunya ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Abin da ya zo tare da Turawa shi ne a tsinto mutane daga ƙasa mai faɗi, a sa musu riga iri ɗaya, a zuba su a jirgin ruwa, a ce su ne ƙasar. Wannan takarda za ta duba karo na farko da aka yi wa Nijeriya haka, da inda aka samo al'adar, da kuma wata tambaya wadda ba a cika yi ba in ana ba da labarin: wace Nijeriya ce ta shiga jirgin?

Al'adar ta girmi ƙwallon ƙafar Nijeriya nesa, kuma a wani wasa dabam ta fi yin suna, wasan da Turawa suka raɗa wa sunan makarantar Rugby ta Ingila. Gidajen rediyo masu watsa labarai da Hausa suna kiransa ƙwallon zari-ruga. Sunan ya cancanci a tsaya masa kaɗan, gama an gina shi ne bisa tsarin harɗaɗɗun kalmomi irin su faɗi-tashi, inda aikatau biyu suka haɗu suka zama suna guda. Ya bayyana yadda ake wasan, watau a zari ƙwallo da hannu a ruga da ita har bayan layin abokan karawa, sa'an nan amon "ruga" ya yi kusa da sunan asali. Ba kullum ake dace da fassara irin wannan ba.

Cikin 1888 wani mai suna Joe Warbrick ya haɗa tawaga daga tsibiran Niyuzilan, yawancinsu Mawori, watau 'yan asalin ƙasar, suka tafi Birtaniya. Kafin su ajiye ƙwallo cikin 1889 sun yi wasa 107, 74 daga ciki a tsibiran Birtaniya. Amma wannan tafiya ta 'yan kasuwa ce, don neman riba. Wadda hukumar wasan ta ƙasar ta shirya da kanta ita ce ta 1905. Mutum 27 suka tashi daga Wellington ran 30 ga Yuli cikin jirgin Rimutaka, Dave Gallaher ne kyaftin. Wasansu na fari da lardin Devon suka yi, suka ci 55 da 4. Har aka sami jaridun da suka juya lissafin suka ba Devon nasara, domin hankalinsu bai ɗauki cewa mutanen ƙasar da ake mulka za su yi wa masu wasan haka ba. Cikin wasa 35 da suka yi a Birtaniya da Faransa da Amurka sau ɗaya tak aka cinye su, a Cardiff ran 16 ga Disamba, inda Wales ta ci 3 da 0. A wasan nan ne Bob Deans ya dage cewa ya dire ƙwallo bayan layi, alƙali kuwa ya ce bai kai ba, gardamar da ta fi shekara ɗari ba ta mutu ba. Jimlar makinsu 976, na abokan karawarsu 59.

Abu biyu suka fito daga tafiyar nan. Na farko suna: a lokacinta ne laƙabin All Blacks ya bazu, saboda baƙaƙen tufafinsu. Na biyu, 'yan siyasa suka gane amfanin abin. Firayim Minista Richard Seddon ya rungumi tawagar har ana yi masa ba'a da Ministan Ƙwallo, ya je da kansa ya tarye su a Auckland cikin Maris 1906. A sa'an nan Niyuzilan tana nan a matsayin ƙasar mallaka, sai 1907 aka ɗaga darajarta. Afirka ta Kudu ta bi sawu cikin 1906, shekara huɗu kacal bayan ƙarewar yaƙin Ingilishi da Buwa, kuma shekara huɗu kafin a haɗa yankunanta su zama ƙasa ɗaya. Paul Roos ya jagoranci 'ya'yan ɓangarorin biyu da suka yi yaƙi da juna, suka zaɓa wa kansu sunan Springboks, wata irin barewa ta ƙasarsu, tun kafin jaridun Landan su laƙaba musu wani. Duk wuraren biyu tawaga ta riga ƙasa tsayuwa. Sai dai babu baƙar fata ko ɗaya cikin mutanen Roos, alhali su ne mafi yawa a ƙasar. Niyuzilan ma da za ta ziyarci Afirka ta Kudu cikin 1928, sai ta bar 'yan wasanta Mawori a gida don kada ta ɓata wa masu masauki rai, har da George Nepia wanda ba a da kamarsa a lokacin. Ta sake yin haka cikin 1949 da 1960. Saboda haka duk mai nazarin irin wannan tafiya wajibi ne ya karanta jerin sunaye biyu, na waɗanda suka tafi da na waɗanda aka bari.

Cikin 1949 ɗin nan ne Nijeriya ta yi tata tafiyar, amma a ƙwallon ƙafa, gama zari-ruga bai taɓa yin saiwa mai zurfi a ƙasar ba. Mutum 18 aka zaɓa. Etim Henshaw na kulob ɗin Marine shi ne kyaftin, Kyaftin D. H. Holley shugaban hukumar ƙwallo shi ne jagoran tafiya, a can Ingila kuma aka ba su Jack Finch, tsohon ɗan wasan Fulham, ya horar da su. Suka tashi daga Ikko ran 16 ga Agusta cikin jirgin Apapa, suka sauka Liverpool ran 29. Kwana biyu da sauka, ƙafafunsu ba su gama mance rawar jirgi ba, suka kara da kulob ɗin Marine na Crosby gaban mutum wajen 6,000, suka ci 5 da 2.

Daga nan abin ya yi tsauri. Bishop Auckland ta rama wa Ingila da 5 da 2, Leytonstone ta ci 2 da 1, Bromley 3 da 1, zaɓaɓɓun gasar Athenian kuwa suka yi musu 8 da 0. Sun ci Dulwich Hamlet 1 da 0 a Landan. Wasan ƙarshe da South Liverpool aka yi shi ran 28 ga Satumba da dare, ƙarƙashin fitilun lantarki da aka kafa a filin, abin da yake sabo ne ƙwarai a Ingila a sa'an nan. Mutum fiye da 13,000 suka zo kallo, aka tashi 2 da 2. Jimla wasa 9: nasara 2, kunnen doki 2, kaye 5. In an auna da 34 cikin 35 na mutanen Gallaher, ba wani abin kirari ba ne. Amma ya kamata a san da wa suka kara. Gaskiya ne duka masu wasa ne don sha'awa, ba 'yan albashi ba, sai dai su ne gwanayen wannan aji. Leytonstone ita ta ɗauki kofin Ingila na masu wasan sha'awa cikin 1947 da 1948, Bromley kuwa ita ke riƙe da shi a shekarar da aka yi tafiyar.

Abin da jaridun Ingila suka fi mai da hankali a kai shi ne ƙafafu. Yawancin 'yan wasan ba su sa takalmi ba, sai dai su naɗe yatsu da idon sawu da bandeji da filasta. Wannan ne kuma ya rage a bakin mutane har yau, ana faɗinsa ko dai da dariya ko da tausayi. Duka biyu kuskure ne. Mutanen nan ma'aikata ne masu albashi a Reluwe da Ma'aikatar Jiragen Ruwa da kamfanin UAC, ba kuɗin takalmi suka rasa ba. A busasshen fili mai tauri suka koyi wasa tun suna yara, inda ƙafa tsirara ta fi jin ƙwallo, takalmin zamanin kuwa na fata ne mai nauyi, ya rufe har idon sawu. Matsalar ita ce ciyawar Ingila in ta jiƙe santsi gare ta, wanda ba shi da ƙusoshi a tafin ƙafa ba ya iya juyi. Teslim Balogun, wanda ake yi wa laƙabi da Tsawa saboda ƙarfin bugunsa, ya nuna cewa gwaninta ba a takalmi take ba, domin daga baya ya koma Ingila ya sa takalmin ya yi wa Queens Park Rangers wasa. Titus Okere ma ya riga shi, ya shiga Swindon Town cikin 1953.

A hanyar komowa jirgi ya tsaya Freetown, suka kara da Saliyo ran 8 ga Oktoba suka ci 2 da 0. Wannan ne ake lissafawa wasan farko na Nijeriya da wata ƙasa. Sauran shekara 11 a sami mulkin kai.

Hausa tana da kalmar rangadi, amma ba ta dace da wannan tafiya ba. Rangadi na sama ne ke yi wa na ƙasa, kamar yadda Razdan ko Hakimi ke zagaya ƙasarsa ya ga talakawa. Nan kuwa talakawan ne aka kai gidan mai mulki a gan su. Ga alama abin da hukuma ke so Ingila ta gani shi ne samari masu ladabi da tarbiyyar makaranta, shaidar cewa mulkin ya yi amfani. Su kuwa 'yan kishin ƙasa na Ikko abin da suka gani shi ne baƙar fata ya ci Bature 5 da 2 a gidansa. Wata guda da 'yan kwanaki bayan wasan Freetown, ran 18 ga Nuwamba, 'yan sanda suka harbe mahaƙan kwal 21 a Inugu, zancen ladabi ya bi iska.

To, sai jerin na biyu. In an bi sunayen nan 18 da kulob-kulob ɗinsu, za a ga kusan dukansu a Ikko suke wasa. Isaac Akioye daga Badun ya zo, Olisa Chukwura daga Abekuta. Babu kulob ko ɗaya na Jihar Arewa da ya ba da mutum. Akwai ɗan Arewa, John Dankaro, mutumin Takum a Lardin Binuwai na wancan zamani, amma shi ma a kulob ɗin UAC na Ikko aka gan shi. Jihar da ta fi rabin ƙasar faɗi da yawan jama'a ta tsaya a bakin fili.

Ba irin wariyar Afirka ta Kudu ba ce, kada a haɗa su. Dalilin yana cikin hanyar da ƙwallon ƙafa ya bi ya shigo: makarantun mishan, da ma'aikatun gwamnati, da layin dogo. Mishan an taƙaita aikinsu a ƙasashen sarakunan Musulmi. Manyan ma'aikatu a Ikko suke. Dogo ya isa Kano cikin 1911, reshensa ya bi ta Funtuwa zuwa Ƙaurar Namoda cikin 1929, amma bai shiga birnin Katsina ba, balle Batsari da Safana da ke can bakin dajin Rugu. Kofin Gwamna da aka fara cikin 1945, wanda a nan masu zaɓe ke ganin gwanaye, da kulob-kulob na Ikko kaɗai aka soma shi. Yaron da ke buga tamaular tsumma a Safana, ko da ya fi Balogun ƙafa, babu hanyar da labarinsa zai kai kunnen Holley.

Akwai kuma zaɓin da manyan Katsina da malamansu Turawa suka yi. A Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe cikin 1922, wasannin da suka yi suna su ne kurket da ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu, wanda Turawa ke kira Fives. Ahmadu Bello ya riƙe kyaftin ɗinsa sa'ad da yake ɗalibi a can. A fada kuwa Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya je Ingila tun 1921, ya ɗaukaka ƙwallon dawaki, ɗansa Usman Nagogo ya zama gwani a ciki. Waɗannan wasanni ne na 'ya'yan sarauta da 'yan makaranta ƙalilan, suna bukatar doki ko ginannen bango. Ba a ce ba a buga tamaula a makarantun Arewa ba, ana bugawa. Amma daraja tana wani wuri, talaka kuma yana da kokawarsa da dambensa da langa.

Tazarar ba ta daɗe haka ba. Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, ta aika tata tawagar Birtaniya cikin 1951, Yuganda ta bi cikin 1956, su ma yawancinsu ba takalmi. A gida kuwa aka buɗe Kofin Gwamna ga sauran larduna, garuruwan da ke kan dogo suka fara taɓukawa. Cikin 1953, shekara huɗu bayan jirgin Apapa ya tashi babu ɗan kulob ɗin Arewa ko ɗaya, Kano ta ci Dynamos ta Ikko 2 da 1 a wasan ƙarshe, kofin ya bar Ikko karo na farko ya hau jirgin ƙasa zuwa Arewa.