Bosuwaja da Marsandi: Tarihin da Ke Ɓoye a Bakin Direbobin Ƙaura

Akwai tsohuwar gardama tsakanin Jamusawa da masu magana da Ingilishi kan yadda ake kiran sunan kamfanin Volkswagen. Mutumin Ingila ko Amurka yakan faɗe shi yadda idonsa ya gani a rubuce. Bajamushe kuwa ba haka yake faɗi ba, domin a harshensa harafin V sautin F yake bayarwa, W kuma shi ke ɗaukar sautin V. Abin da mai kaya ke faɗi ya fi kusa da "Folksvagen", ma'ana motar jama'a.

Dattijon direba a tashar Ƙauran Namoda ba ruwansa da wannan gardama. Shi Bosuwaja ya sani, wani ya ce Basuwaja, kamar yadda ya san Marsandi da Fijo. 'Yan boko kan yi murmushi su gyara masa. Sai dai duk wanda ya zauna ya warware kalmar Bosuwaja gaɓa-gaɓa zai tarar da hanyar da motar ta biyo daga Jamus zuwa arewacin Zamfara a rubuce cikinta.

Tun kafin mota, abin Jamus ta hannun Ingila yake iso wannan yanki. A 1853 Heinrich Barth, Bajamushe haifaffen Hamburg, ya taso daga Katsina ya bi ta Zurmi da Badarawa zai je ganin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi. Sunansa ma bai tsira ba. Jamusawa "Bart" suke cewa, Ingilishi na ƙarasa shi da sa harshe tsakanin haƙora, a nan kuwa da sunan Abdulkarim ya yi yawo. Bayan Yaƙin Duniya na Farko Jamus ta rasa Kamaru da Togo, saboda haka babu wata ƙofa da ta rage da Jamusanci zai shigo kunnen Bahaushe kai tsaye.

Ƙofar da ta buɗe ta jirgin ƙasa ce. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda, nan ne ƙarshensa. Gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar Zurmi da Shinkafi da Isa sai an kawo su Ƙaura kafin su kama hanyar teku. Da fari jakuna da raƙuma ke wannan jigila, daga baya manyan motoci suka karɓa. Da jirgi da mota kalmomi suka shigo: tasha, reluwe, direba, fasinja, birki, taya, gareji, kamasho. Dukansu daga Ingilishi ne, an sassaƙe su daidai bakin Bahaushe.

Ita Volkswagen a lokacin ba a ma haife ta ba. A 1937 aka kafa kamfanin a zamanin Hitler, bayan an riga an ba injiniya Ferdinand Porsche aikin fito da mota mai araha da ma'aikaci zai iya saya. Yaƙi ya ɓarke, masana'antar ta koma ƙera motocin soja. Bayan an ci Jamus a 1945, garin Wolfsburg ya faɗa yankin da Ingila ke riƙe da shi, kuma wani hafsan sojan Ingila, Manjo Ivan Hirst, shi ya tayar da masana'antar daga kango. Wato tun a gida, motar ta fara fita duniya ne a hannun masu karanta sunanta da idon Ingilishi.

A Najeriya kamfanin Mandilas ne ya shahara da dillancinta, Leventis kuma da na Mercedes-Benz. Masu kamfanonin biyu jinin Girka ne, cinikinsu da Ingilishi suke yi. A 1975, lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka cika aljihun ma'aikata, aka fara haɗa Volkswagen a Ojo ta Legas, Peugeot kuma a Kaduna. A 1980 masana'antar haɗa manyan motocin Mercedes ta buɗe a Enugu. Ƙaramar motar nan mai doro, mai inji a baya, wadda iska ke sanyaya injinta ba ruwa ba, ta zama ta malamin makaranta da akawun gwamnati. Yarabawa suka laƙaba mata Ijapa, wato kunkuru.

To, a dubi kalmar kanta. Hausa ba ta da sautin V. Duk inda Ingilishi ya kawo shi, B muke sa masa: direba, talabijin, bidiyo, Nuwamba. Saboda haka B ɗin farkon Bosuwaja shaida ce cewa V kunnenmu ya ji, ba F ba. Da daga bakin Bajamushe muka karɓa, da "Fo" za ta fara. A Zamfara kuwa, inda ake cewa tahi da hita da hwara, da "Ho" za a ji. Haka W ta tsakiya: ta Ingilishi ce. Ta Jamus, mai sautin V, da ta zama B, mu sami abu kamar "Holkusbagan".

J ta ƙarshe ita ce mafi daɗin labari, don ba ta Jamus ba ce, ba kuma ta Landan ba. Dukansu biyu G suke faɗi. A makarantun Najeriya aka koya wa yara cewa G in ta zo kafin E takan koma J, kamar a janar da manaja. Akawu ya ga "gen" a jikin mota ya karanta "jin". Daga nan Bahaushe ya karɓa, ya raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali, ya yar da abin da ya yi wa harshe nauyi, ya rufe kalmar da wasali kamar yadda yawancin kalmominmu ke ƙarewa. Hannu huɗu ke nan a kan suna ɗaya: Bajamushe, Baturen Ingila, akawun Najeriya, da direban Arewa.

Marsandi ma haka ne. Asalin sunan ba na Jamus ba ne, sunan mata ne na Sifaniya. Emil Jellinek, wani attajiri mai sayen motocin Daimler yana tsere da su, shi ya sa musu sunan 'yarsa Mercédès, aka yi rajistar sunan a 1902. A 1926 Daimler da Benz suka haɗe. Bajamushe yana faɗin gaɓar tsakiya da "tse", Ingilishi da "se". Muna da "ts" namu, da za mu iya cewa Martsedas. S ɗin Marsandi ta nuna cewa ba daga gare shi muka ji ba. Ko a tsallaken iyaka abin a fili yake: fataken Maraɗi da ke cin kasuwar Shinkafi "mato" suke cewa inda muke cewa mota, "lakwal" inda muke cewa makarantar boko, saboda ta ƙofar Faransanci zamani ya shigo musu.

Bayan tsuke bakin aljihu na 1986 naira ta faɗi, masana'antar Legas ta durƙushe, aka koma ga motocin Kwatano. Yau zuriyar Bosuwaja ce ke riƙe da hanyar Gusau zuwa Ƙaura zuwa Shinkafi da Zurmi: Golf, wadda aka fara ƙerawa a 1974, da Sharan da kowa ke kira Sharon. Direbobinsu ke kai buhu da majinyaci da amarya a kan hanyoyin da 'yan bindiga suka mayar abin tsoro. Da yawa cikin samarin da ke tuƙa su ba su san tambarin da ke gaban motar shi ne wanda kakanninsu suka kira Bosuwaja ba.

A nan ne asara take. Mu da ke rubuta manhaja mun san cewa na'ura ba ta san kalmar da ba a rubuta mata ba. In marubutanmu suka ji kunyar Marsandi da Fijo da Bosuwaja suka daina sa su a takarda, waya ba za ta gane su ba in an faɗa mata, kuma za ta ci gaba da ja musu jan layi kamar kuskure. Alhali mai gyara wa dattijo da lafazin Landan, shi ma Bajamushe gyara masa zai yi. Ingilishi ya lanƙwasa sunan daidai bakinsa, ba wanda ya kira shi jahili. Hausa ta yi abin da ya yi, ta kuma adana tarihi a ciki. A rubuta Volkswagen a takardun mota, amma a bar wa tasha sunan da ta raɗa.